Wurin da Suka Bar Mini a Kaset

Ina cikin takabar maigidana na fara jin kaset ɗin. Hantsi ne, ina zaune ƙarƙashin rumfa ina tsintar tsakuwa a cikin wake, uwar mijina tana gefe tana kaɗin auduga. Bayan katangarmu akwai wani mai shayi da rediyonsa ba ta hutawa sai batir ya mutu. Daga wajensa na ji gita ta tashi, kuma kafin ta yi nisa na gane hannun da ke kaɗa ta. Shekaru na yi ina waƙa a kan hannun nan. Ko a tsakiyar kasuwar Madawa aka kaɗa, zan ce na Tela mai gitarmu ne.

Gita ta yi ta tafiya har ta iso inda mawaƙi zai ɗauka. Ba wanda ya ɗauka. Ta ci gaba ita kaɗai, tsawon baiti guda cur, sannan muryoyin maza biyu suka shigo da amshi, ɗaya siririya, ɗaya mai kaushi: "Ƙofa na buɗe, sai kun komo." Suka yi shiru, gita ta sake tafiya ita kaɗai, suka sake amsawa. Amshi suke yi wa wanda bai ce komai ba. Na ajiye faifan waken.

Uwar mijina ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wagga wace irin waƙa ta, da ba ta da mai waƙa?"

Na ce, "Tana da mai ita, Inna. Ni ta."

Sai na ɗan koma baya, don wanda bai san mu ba. A shekarun da nake budurwa, duk garin da ke da ofishin gwamnati yana son a ce yana da ƴan gita, kuma Madawa ta samu nata. Mu bakwai ne, maza shida da ni. Muna kiran kanmu orkes, da girman kai irin na waɗanda suka ɗan zauna bencin lakwal, wato makarantar boko. Tsofaffi kuwa ƴan hayaniya suke ce mana. Da Hausarmu ta Adar muke waƙa, a kan kiɗa irin na Kwango da muke ji a rediyo. Auren ma'aikata, rufe lakwal, saukar baƙon hukuma, duk mu ake nema. Mun je Buza, mun je Keita, mun je ƙauyukan da ba su taɓa ganin lasifika ba, kullum a bayan motar albasa, har ya zama ko na wanke zanena warin yana nan.

Maigidana shi ne mai ganguna. Da rana makanike ne a gareji, mutum marar magana, wanda in an tambaye shi labari sai ya ce lafiya lau, ya tsaya nan. A orkes muka san juna. Da muka yi aure mutane suka zuba ido su ga ranar da zai hana ni fita waƙa, suka jira har suka gaji. Yana zaune a bayana da sandunansa, ina gaba da mikro a hannu, haka muka ci shekarunmu.

Waƙoƙin da muke yi kuwa, duka mutum biyu ne ke ƙirƙiro su, Tela da Malam. Tela yana da shago a bakin kasuwa, kuma a kan keken ɗinki kiɗa ke zo masa. Ƙafa tana taka keke, baki yana gunguni, in abin ya kama shi sai ya bar rigar mutane rabi a ɗinke ya jawo gita daga ƙarƙashin tebur. Riguna nawa suka kwana a shagon nan ranar salla, masu su ne suka sani. Malam kuma malamin dabbobi ne, yana zaune a Buza, yana yawon yi wa shanu allura daga rijiya zuwa rijiya. Shi ke sa wa kiɗan magana. Ranar kasuwa yakan zo Madawa a kan babur ya zauna bakin shagon, Tela ya yi masa gunguni, shi kuma ya rufe ido ya yi ta tauna kalmomi har su zauna. Sukan yi faɗa a kan kalma ɗaya tak. Tela ya ce ta yi wa kiɗan nauyi, Malam ya ce me tela ya sani ban da awon wando, a rabu ba sallama, kasuwa mai zuwa a zauna kamar ba a yi ba.

Abu ɗaya Allah ya hana su, shi ne murya. Ta Tela siririya ce, ba ta kai bayan fili. Ta Malam kuma in ya ɗaga ta, jarirai kuka suke yi a bayan iyayensu. Don haka suka tsaya a amshi, suka ɗinka kowace waƙa daidai wuyana. Tela ya san inda numfashina ke ƙarewa kamar yadda ya san kafaɗar masu kawo masa ɗinki. Su biyun duk ƙannen maigidana ne a shekaru, suna ce masa yaya, ni kuma matammu, da duk tsiyar da ke biyo bayan wannan. Ban taɓa raga musu ba, su ma ba su raga mini ba.

Ba faɗa ne ya raba orkes ba. Da faɗa ne ma da na fi so, don a sami wanda za a ɗora wa laifi. Damina ce ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wanda bai ci ba ba ya rawa, kuma mai aurar da ɗiya ya daina neman ƴan gita. Mai ƙaho ya tafi Legas, mai babbar gita ya koma ƙauyensu wajen iyayensa, sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Gareji ya zama wurin hira. Maigidana ya sayar da gangunansa ga wasu mutanen Ƙonni, ya ajiye mana hatsi, ya bi sahun mazan Adar zuwa Kurmi, can Abijan. Ya ce sai damina.

Kafin damina wani mutumin Babankatami da suke ɗaki ɗaya a can ya yi sallama a ƙofarmu. Zazzaɓi ne, in ji shi, na ƴan kwanaki, kuma ƴan'uwa na can sun yi masa sutura yadda ya kamata. Ya miƙo riga da hula a ƙunshe. Uwar mijina ta zo daga Dewule ta zauna da ni, na shiga takaba. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba haƙurina, don ba su ga ina kuka ba. Ba haƙuri ba ne. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba, riga kawai na gani, kuma ni na saba ganin rigarsa ba ya ciki.

To, a cikin wannan zaman ne kaset ɗin ya tsallako katanga ya same ni.

Ranar na roƙi Inna ta aika a kira mini Tela da Malam. Sai da kasuwa ta zagayo, Malam ya shigo gari, suka zo tare. Suka tsaya a zaure, ni ina daga ciki bayan zana da lulluɓina, Inna tana zaune tsakani. Tun rasuwar ba wanda ya ƙara ce mini matammu a cikinsu.

Malam ya ce, "Matay yaya, ina wuni? Ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri sai godiya. Wa yab ba ku izinin kai ni tasha?"

Ina jin Tela yana goga takalminsa a ƙasa. Daga nan Malam ya ba ni labarin, a hankali, yana neman kalma kamar yadda ya saba. Orkes ta watse, amma su biyun sun kasa dainawa. Kowace kasuwa suna zama, waƙoƙi suna taruwa, ba mai rera su. Tela ya fara tsoron kiɗan zai zube masa, tunda ba rubutu yake yi ba. Sai suka ari rakoda suka shiga ɗakin ajiyar magani na Malam a Buza, suka ɗauki gita da amshi. Baitocin kuwa suka bar su wayam. Nufinsu in na fita takaba a kawo rakoda biyu, ɗaya ta juya wannan kaset, ɗaya ta ɗauki muryata a kai.

Tela ya ce, "Wa za mu sa wurinki? Ba mu iya kiranki kina takaba, ba mu iya ba wata. Shi na munka bar miki wurin."

Na ce, "To mi ya kai shi wurin mai shayi?"

Nan ne Tela ya fara in-ina. Wai tsoro ya ji kada kaset ɗin ya tsinke tunda shi kaɗai ne, sai ya kai wa mai juyen kaset na bakin tasha ya yi masa na biyu. Mutumin ya saurara, abin ya yi masa daɗi, ya juya wa kansa. Direbobi suka ɗauka. Yanzu har an rubuta a bayansa, Tela da Malam, ana sayarwa a Tawa.

Ya ce, "Wallahi ban san haka za ta kasance ba. Amma hwa mutane na so nai."

Wannan ƙarshen maganar ce ta ƙone ni. Na ji ɗan daɗi a cikin muryarsa, wanda ya yi ƙoƙarin ɓoyewa bai iya ba. Mutumin da ya shekara yana ɓuya a bayan gita, yau ga shi a bayan kaset. Yanzu ba na ganin laifinsa, amma a ranar na ga laifinsa ƙwarai. Na faɗa musu maganganun da mai takaba ba ta faɗa. Na ce makoki a bayan katanga ake yinsa, su kuma sun ɗauki nawa sun kai shi kowace tasha. Na ce matan da ke zuwa gaishe ni bakina suke kallo, ashe dalili ke nan. Inna ta ce, "Ɗiyata, ya isa." Suka yi sallama suka tafi.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne tsoro nake ji. Na ji kaset ɗin da kunnena, kuma bai yi kama da abin da ya rage a gama ba. Yana tsaye da ƙafarsa. Miji ya tafi, orkes ta tafi, abin da ya rage mini a duniya wanda zan ce nawa ne shi ne wurin nan tsakanin gita da amshi, ga shi kuma mutane suna son waƙar ba ni a ciki. Na ƙudura a raina ranar da na fita takaba sai na karɓi wurina.

Na gaya wa Inna haka, ina jiran ta ce abin kunya ne ga matar da ta rasa miji. Ta juya mazarinta ta ce, "Ɗana kina waƙa yag gane ki, kina waƙa ya aure ki. Ni mi ag gamina?" Tsohuwar nan ba ta taɓa zuwa kallonmu ba ko sau ɗaya. Allah ya jiƙanta.

Sauran kwanakin takabar, duk lokacin da mai shayi ya sa kaset ɗin sai in tashi in shige ɗaka in ja ƙofa. Na ƙi in saurara. Na ce ba zan koyi waƙata ta kan katanga ba kamar ɓarauniya.

Da na fita, aka yi sadaka, na yi wanka na canza tufafi, sai na fara zagayen dangi kamar yadda ake yi. Na je Tamaske wajen yayata. Garin na same shi kusan ba maza, sai tsofaffi da yara. A lokacin an fara aikin dutse a tsaunukan wajen. Mata ke ɗaukar duwatsu a ka suna jera su layi layi a jikin tudu, don in ruwa ya sauko ya tsaya ya shiga ƙasa, kada ya kwashe ta ya wuce. Ladan aikin abinci ne. Yayata tana cikinsu, kuma da yake ba na iya zaman gida ni kaɗai, na naɗa gammo na bi ta.

Wata babbar mota ce ke kawo duwatsun ta juye a gindin tudu. Direban ya buɗe ƙofofinsa duka biyu ya sa kaset, don rana ta yi zafi. Sai ga gitar Tela. A nan ba ɗakin da zan shiga in ja ƙofa.

Gita ta iso wurina. Wata mata da ke gabana, da dutse a kanta da goyo a bayanta, ta buɗe baki ta shiga:

"Na ɗau dutse na aza bisa dutse,
mai gona na Kurmi, gona na nan."

Su Tela suka amsa mata daga cikin mota, "Ƙofa na buɗe, sai kun komo." Matan duka suka amsa tare da su. Da gurbi na biyu ya zo wata tsohuwa ta karɓa, ta yi wa ɗanta faɗa a cikin waƙa, wanda ya shekara uku bai aiko ko gaisuwa ba. Na uku wata amarya ce, ta faɗi abin da take kewa a wajen mijinta ba kunya, tudun duka ya ɗauki dariya, har wata ta yar da dutsenta. Ba wadda ta saɓa wa kiɗan. Suna shiga suna fita kamar ɗakin uwarsu.

Yayata ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke, wurinki na hwa. Shiga ki gwada musu."

Na ce, "Ni ba ni waƙa ma mota."

Girman kai ne ya yi maganar. Gaskiyar ita ce abu biyu suka haɗu a ƙirjina. Tsigar jikina ta tashi, don ban taɓa jin waƙarmu ta yi wa mutane amfani irin na ranar ba. A lokaci guda kuma kishi nake ji, kishi sosai, irin na wadda ta dawo daga tafiya ta tarar baƙi sun shimfiɗa tabarma a ɗakinta. Na ce a raina su yi ta yi, amma ba su san abin da aka shirya wa wurin ba. Ni ce zan faɗe shi, kuma in na faɗa kowa zai san bambanci. Ina komawa Madawa na aika wa Malam cewa na shirya.

A Buza muka haɗu, a ɗakin maganin da suka yi ɗaukar farko. Ɗaki ne mai kaurin bango, cike da kwalaye, yana warin maganin shanu. Sun toshe taga da buhuna don kukan jakai, sun ɗaure mikro a jikin sanda sun kafa ta cikin bokitin yashi. Rakoda biyu suna kan tebur, an sa musu sabon batir. Tela har da sabuwar riga, wadda na tabbata ta wani ce da bai zo karɓa ba. Na faɗa masa haka, ya yi dariya, Malam ma ya yi. Rabon da mu yi dariya tare tun kafin yunwa.

Da safe Malam ya ba ni baitocin, baki da baki, yadda muka saba. Masu kyau ne. Ban taɓa jin ya yi irinsu ba. Akwai na rijiyar da aka bar wa mata, akwai na rumbun da aka share aka rufe ba komai a ciki, akwai na ɗan da ya fara tafiya ubansa bai gani ba. Kafin azahar na haddace na waƙar farko, na rera su ba kiɗa, muryata ta fito garau. Takaba ba ta ci ta ba. Na ga Tela ya dubi Malam, Malam ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Bayan salla aka rufe ƙofa. Malam ya danna rakodar ɗauka, Tela ya danna ta kiɗa. Gita ta tashi, ta yi zagayenta, ta nufo wurina. Na tsaya gaban mikro a shirye. Wurin ya zo, ya wuce, ina tsaye. Sai da gita ta ci rabin baitin na farga na bi ta a guje.

Tela ya ce, "Ba komi. Mu sake."

Aka mayar da kaset baya. Wannan karon na yi gaggawa, na shiga kafin lokaci, na taka ƙafar gita. Aka sake, na makara. Aka sake. Na ce rakodar ce ke jan kaset, batir ɗin ba sabo ba ne, an cuce su. Malam bai yi musu ba, ya canza batir. Aka sake, na sake makara. Gumi ya jiƙa mini baya. Ni da na yi shekaru ina waƙa gaban manyan gari ban taɓa kuskuren shiga ba, yau ga ni ina tuntuɓe a ƙofar da matan Tamaske ke wucewa da dutse a ka.

Malam ya ce bari ya riƙa ƙirga mini da yatsa, in ya sauke in shiga. Na bi yatsan, na shiga daidai. Amma numfashin bai zo tare da ni ba, muryar ta fito a sandare kamar ta ƴar lakwal mai karatun hadda, kuma kafin ƙarshen baitin iska ta ƙare mini. Muka saurari abin da aka ɗauka. Da wani ya yaba da na mare shi.

Na zauna a kan kwali na ce, "Wani abu nika jira, ban san ko mi ne ba."

Tela ya ce, "Ni na san shi, matay yaya."

A orkes, kujerar Tela tana dab da ganguna. Ya ce duk lokacin da zan shiga baiti, maigidana yakan yi ɗan bugu biyu a bakin ƙaramar ganga, a kan ƙarfen, ba a kan fata ba. Bugu ne marar ƙarfi, ƴan kallo ba sa ji, ba ya cikin kiɗan ma. Ba wanda ya sa shi, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tela ya ce tun ranar da na fara waƙa da su, ina yarinya mai rawar murya, ya ga ya fara yi, kuma bai daina ba har ranar wasanmu na ƙarshe.

Na ce ƙarya ne, da na sani. Na faɗa da ƙarfi, don na ji a jikina gaskiya ce.

Ya ce, "Bari in yi miki shi bisa tebur. In kin shiga, shi ke nan, ba wanda za ya ji shi cikin kaset."

Na tashi na koma gaban mikro. Tela ya zagaya ya tsaya a bayana, wajen hagu, ya ɗauki ƙaramin ƙarfen da Malam ke buɗe kwalabe da shi. Aka danna rakoda. Gita ta tashi, ta yi zagayenta, ta nufo ni. Sai na ji shi, ƙas ƙas, a bakin tebur.

Ƙirjina ya ja numfashi da kansa, cikakke, daidai awon baitin, ban sa shi ba. Bakina ya buɗe. Amma kafin sauti ya fito, wuyana ya juya hagu, yadda ashe nake yi kullum in na ji bugun nan, in ɗan dube shi kafin in fara. Na juya da murmushina a fuska. Na ga Tela da ƙarfen buɗe kwalba a hannu, a bayansa kwalayen maganin shanu har rufi.

A nan maigidana ya mutu mini. Ba ranar da mutumin Babankatami ya kawo riga ba, ba kuma a duk watannin da na yi a bayan katanga ana yaba haƙurina ba. Na durƙusa a ƙasan ɗakin nan na yi kukan da ake bina, da ƙarfi, ba kunya, ina kiran sunansa da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba. Ba wanda ya tuna da rakoda. Gita ta yi ta tafiya, kuma duk bayan baiti muryoyinsu biyu suna amsa mini daga kan tebur, su kuwa masu muryar suna tsaye a jikin bango suna share ido da hannun riga.

Da na sami kaina na roƙi Malam ya goge abin da aka ɗauka, ya goge a gabana. Tela ya ce mu huta mu sake gobe, ko wata kasuwa, ko bayan damina, ba gaggawa. Ya ce zai iya yi mini bugun kullum.

Na ce, "Na san kana iyawa. Kada ka sake yin shi."

Ya ajiye ƙarfen. Na ce su bar kaset ɗin yadda yake, kada su ba wata, kada kuma su jira ni. Malam ya tambaye ni baitocin fa, waɗanda ya yi wata da watanni yana tauna su. Na ba shi haƙuri. Na san na ɓata masa aikin da ya fi kowane a rayuwarsa, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ya kwance mikro daga jikin sanda, ya naɗe wayar a hannunsa, ya buɗe ƙofa.

Kaset ɗin ya yi shekaru yana yawo a Adar, kuma shi kaɗai ne abin da su biyun suka fitar da sunansu. Mata sun shiga cikinsa a bakin rijiya, a wajen daka, a jikin tudu, kowace da nata. Na ji masu murya, na ji marasa murya, ban taɓa jin wadda ta makara ba. Duk ƙasar nan mace ɗaya ce ta kasa shiga waƙoƙin, ita ce wadda aka ɗinka su daidai wuyanta. Ban ƙara tsayawa gaban mikro ba.